Daga Damagaram Zuwa Daura Ta Habasha

Daura, 12 ga Satumba, 2023

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Inna na zaune a gabana, ta ce in fara da maganarta kafin gaisuwa, kuma kada in rage komai. Ga abin da ta ce:

"Ka gaya wa Auta, a gidan nan ba a haihuwar fari a gidan miji. Ciki ya shiga wata takwas, ta tattaro ta taho goyon ciki. Wai an rufe iyaka. Tun ina yarinya nake jin ana rufe iyakar nan, ban taɓa ganin Lahadin da kasuwar Mai'aduwa ta ci babu 'yan Damagaram ba. Su ta ina suke biyowa?"

To, yanzu gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Badaru. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi duk ƙarshen damina. Matata Ummukulsum da yara suna gaishe ki. Gero ya yi kyau bana.

Na zaɓi takarda ne don kin san yadda waya take a gidan nan. Da kin kira, sai a ƙure murya a ajiye ta tsakar gida, har maƙwabta su sa baki. Ɗan'uwanmu Hamma zai kawo miki. Tun da aka rufe iyakar Kongolam yake bin hanyar daji da babur, sau biyu a sati, kuma ya ce zai iya ɗauko ki a hankali.

Ga tawa maganar. Muna jin labarin ba ku da wutar lantarki tun da aka yanke ta daga nan. Yaya za a yi haihuwa a asibitin da ba wuta? Sannan kin san abin da ke ran Inna. Yayarki Rukayya ta haihu a Fatakwal, nesa da ita, sai waya aka bugo mana. Shekara tara ke nan, har yau cewa take da a gabanta aka yi, ta yi mata wankan jego da hannunta, da Rukayya na nan da rai. Ki duba wannan.

Yayanki,
Kalilu

Damagaram, 17 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso jiya, tana warin fetur. Muna lafiya. Malam na gaishe ka, yana ta fama da jarrabawar ɗalibai. Man da na aiko na ƙafar Inna ne, a shafa mata, ba a ajiye a kwalla ana jiran ciwo mai daraja ba.

Maganar wuta gaskiya ce. Ƙasar ubana ta yanke wa ƙasar mijina lantarki, ni kuma nake shan zafin a tsakiya. Amma asibitin da nake zuwa awo yana da sola da janareto. Ka kuma tuna aikina: shekara shida ina yawo ƙauyuka ina rubuta wa ƙungiyar lafiya matan da suka haihu suka tashi da waɗanda ba su tashi ba. Na san abin da ya kamata in ji tsoro.

Na yi wa likitata maganar babur. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko akwai abin da nake gudu a gidan miji. Na tambayi Hamma kansa. Ya ce bayan garin Matamai ake barin kwalta, a shiga gonaki da rairayi, in an hango motar sintiri a ƙara wuta. Ya ɗauki shinkafa, ya ɗauki tumaki, ya taɓa ɗaukar firij, bai taɓa ɗaukar mai ciki wata takwas ba, amma in Inna ce ta ce, zai gwada. Ba na son in zama gwajin.

Don kada a ce ban yi ƙoƙari ba, na je wurin mai sayar da tikitin jirgi. Na ce masa Daura zan je. Ya yi dariya, sannan ya ga cikin, ya daina. Ya ce yadda aka rufe ƙasa haka aka rufe sama, babu jirgin da ke tashi daga Nijar ya sauka Najeriya. Ya juyo mini da kwamfutarsa, ga abin da ya iya haɗa mini.

Daga nan zuwa Yamai a ƙaramin jirgi, wajen awa biyu, wato in fara da juya wa Daura baya in yi yamma. In kwana a Yamai. Daga Yamai zuwa Addis Ababa ta ƙasar Habasha, wajen awa shida, can ƙarshen gabashin Afirka. Na duba taswira, layin ya bi ba nesa da saman gidanmu ba, sai dai ba sa tsayawa a sauke mutum. In kwana a Addis Ababa, inda agogonsu ya riga namu da awa biyu, don haka ko lokacin sallah sai na tambaya. Da safe in sake ratso Afirka in dawo yamma, wajen awa biyar zuwa Kano. Daga Kano kai ka san sauran.

Na haɗa lissafin, kusan kilomita dubu takwas. Daga ƙofar gidana zuwa ƙofar Inna ta Kongolam bai kai ɗari da hamsin ba. Kafin a rufe, mukan yi karin kumallo a nan mu yi azahar a gida. Yanzu kwana uku, jirgi uku, ƙasashe uku. Mai tikitin ya ce suna ɗaukar mai ciki har sati talatin da shida in da takardar likita, wato ina da sati huɗu. Ofishinmu ma zai biya, tun da haƙƙina ne zuwa gida haihuwa.

To, ka gaya wa Inna ga hanyar da gwamnatoci biyu suka yarda 'yarta ta biyo. In ta shirya, ni ma na shirya.

Ka ambaci Yaya Rukayya. Ban manta ba. Ba yau zan amsa wannan ba.

Ƙanwarka,
Murja

Daura, 21 ga Satumba

Murja,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka. Kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, ko kuwa murna ce ta sa ta manta da ita.

Na karanta mata takardarki. Na tsallake maganar Hamma da lissafin kilomita don kada in ruɗa ta, na ba ta gundarin: za ki zo a jirgi, ofis zai biya, kin shirya.

Tun ranar ba ta zauna ba. An sauke amalanke biyu na itace a bayan ɗaki. Ta aika an karɓo babbar tukunyar wankan da Goggo Laraba ta ara tun bara. An yi wa ɗakinki na da farar ƙasa. Ta riga ta yi magana da mahauci a kan ƙauri, ta kuma sa an yanko runhu na wankan jego ana shanyawa. Duk unguwar Kusugu ta ji cewa Auta za ta zo ta Habasha. Matan sun ɗauka kusa da Makka ne, har Goggo ta ce ki riƙo mata zamzam in ya samu.

Murja, rabon da in ga Inna tana dariya har haƙoranta su fito, tun kafin rasuwar Rukayya.

Ki aiko da ranar saukarki Kano, ni da kaina zan je.

Yayanki,
Kalilu

Damagaram, 24 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafafuna da suka fara kumburi, takalmi ɗaya ya rage da ke shiga. A gaida Inna da Ummukulsum.

Jiya na kira ka a kasuwa na gaya maka, ka ce in rubuto, kai ba za ka iya faɗa mata da bakinka ba. To ga shi na rubuto.

Gatse na yi, Yaya. Na zana maka hanyar ne don ka ga ba hanya ba ce. Shekara ashirin kana koyar da yara karatu kafin ka koma awon hatsi, na zaci in ka ga kilomita dubu takwas kusa da ɗari da hamsin za ka gane. Ashe lissafin ka tsallake. Laifina ne. Na manta a gidanmu in mutum ya ce ya shirya, itace ake saya.

Ba zan zo ba. Likita ta ce jinina ya ɗan hau, ba abin tayar da hankali ba ne tukuna, amma ba ta son in yi awa goma sha uku a kujera ƙafa a rataye. In naƙuda ta taso a filin jirgin Habasha fa? Ba ni da kowa a can, ban san asibitinsu ba, Malam kuma ba zai samu hutu ya raka ni ba sai an gama jarrabawa. A nan asibiti na bayan layinmu, likitar ta san ni, sun ajiye jini irin nawa. Gwaggon Malam ta ce za ta yi mini wanka. In Allah ya sauke ni lafiya, na yi arba'in, in an buɗe iyaka in zo in yi wata biyu a ɗakin da aka yi wa farar ƙasa.

Abin da ke biye naka ne kai kaɗai, kada ka karanta mata.

Ba rashin ruwan zafi ya kashe Yaya Rukayya ba. Jini ne ya ɓalle mata, asibitin kuma ba su da jini a ajiye. Na ga takardunta da idona. Ko Inna na tsaye a kanta da tukunya goma, ba abin da za ta iya. Ta fi son ta yarda laifin nisa ne, don nisa abu ne da take ganin za ta iya hanawa. Na gane wannan, ban kuma ga laifinta ba. Amma ni na ga mata a asibitocin nan da zuciyarsu ta kumbura bayan kwana arba'in na ruwan zafi da kunun kanwa safe da yamma, iyayensu na ta ƙara itace don ƙauna. Ba zan ratsa Afirka sau biyu don in kwantar da hankalin da ba ni na tayar ba.

Ka zaɓi kalmomi masu taushi ka gaya mata. Kai ka iya, ni ban iya ba.

Murja

Damagaram, 4 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ni ina nan yadda nake.

Shiru. Hamma bai zo ba, wayarsa a kashe. Taka in na kira sai ka ce kana cikin mutane. Ban san Daura ta cika haka ba.

Shekaranjiya na kira Inna. Kafin in gama gaisuwa ta tambaye ni ko na fi son gado ta wajen taga ko ta wajen ƙofa. Ina jin muryar Goggo da wasu mata a bayanta. Na ce ta wajen taga.

Wato ba ka gaya mata ba. Ko takardata ba ta iso ba, ai ka ji da kunnenka. Kullum ka ƙara kwana, itacen nan ƙaruwa yake.

Na ba wani mai babur da ban sani ba wannan takardar, ya ce ya san rumfarka.

Murja

Daura, 9 ga Oktoba

Murja,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina lafiya, kumburin ya sauka. Mu nan jiki lafiya. Sauran kuma ga shi.

Hamma hatsari ya yi. Motar sintiri ta biyo su kusa da iyaka, ya faɗa kwazazzabo, ya yi kwana goma sha biyu a ƙauyen surukansa ƙafa a ɗaure, takardarki na aljihun rigarsa. Ya kawo ta ran Asabar, ni kuma na tafi Mashi awon gero. Ya ba Inna a hannu. Ta kira Ummukulsum ta ce karanta. Da ta zo inda kika ce nawa ne, ta tsaya. Inna ta ce ci gaba. Ta karanta har ƙarshe.

Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Washegari ta kira ni. Kin san ba ta faɗin sunana, sai ta ce, "Kai, zauna." Ta ce, "Auta ta yi gaskiya, mai ciki ba ta doguwar tafiya. Ni ba ni da ciki."

Ta riga ta ɗaure kaya. Ta zuba runhun a buhu. Ta ce Lahadi mai zuwa, in kasuwar Mai'aduwa ta ci, za ta bi Hamma cikin masu komawa. Na roƙe ta. Na kawo Kawu, na kawo liman. Na tuna mata shekarunta saba'in, da ƙafarta, da hawan jininta, na nuna mata Hamma yana ɗingishi. Ta ce ko ruwan zafi magani ne ko ba magani ba ne, ita dai ba za a sake bugo mata waya ba, a gabanta za a yi. Hamma ba zai iya ce mata a'a ba, kin san ita ta shayar da shi da uwarsa ta rasu. Ya ce in ya ƙi, wani za ta hau, wanda bai san hanya kamarsa ba.

Na ce bari in kira ki ku yi magana. Ta ce ta gama magana a waya, an taɓa ce mata jirgi.

Na san da na faɗa mata tun farko da bakina, da ba mu zo nan ba. Ban san abin da zan yi ba. Hamma zai iso wurinki gobe, ya juyo ran Alhamis.

Kalilu

Damagaram, Alhamis 12 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya lau, gwargwado. Ina rubutu a tsaye, don in na zauna tashi aiki ne.

Ina tafe. Wannan karon ba gatse, ka karanta kowane layi.

Ofis sun yanki tikiti jiya. Yau da hantsi zan tashi zuwa Yamai, gobe Juma'a Addis Ababa, Asabar da rana in sauka Kano in Allah ya yarda. Likita ta gwada jinina sau biyu, ta riƙe biro ta daɗe ba ta sa hannu ba. Na ce mata ko ni a jirgi ko tsohuwa mai shekara saba'in a bayan babur ɗin mai ɗingishi, ta zaɓa. Ta ce ita ba ta karanta wannan a makaranta ba. Ta sa hannu, ta ba ni magani da wata doguwar safa mai matse ƙafa, ta ce in riƙa tashi ina zagaya jirgin kamar mai talla. Takardar tata ran Litinin take daina aiki. Jirgin Kano kuma ba kullum yake tashi ba. In na rasa na Asabar, ban san ko za su ɗauke ni a na gaba ba. Na gaya maka ne don mutum ɗaya a Daura ya sani.

Tun da Inna ta daina yarda da maganar jirgi, na ba Hamma akwatin haihuwa gaba ɗaya: kayan jariri, zannuwana, tawul, har ƙaramin bargon da Malam ya saya. Ban bar ko hula ba. Ka sa a sauke a gabanta, ta buɗe da hannunta. Ta san ba macen da za ta aika da kayan ɗanta gaba ta zauna. Akwatin zai kwana a Daura yau, ni ina Yamai, nesa da gida fiye da inda na tashi.

Ka gaya mata abu uku, da bakinka, ba a takarda ba. Na ɗaya, ta kwance kayanta. Na biyu, a asibiti zan haihu, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa in tana so, kuma tun yanzu ka nemo mutum biyu masu jini irin nawa, na rubuta maka shi a bayan takardar nan. Na uku, zan yi wanka, ta yi mini da hannunta, amma ni zan taɓa ruwan kafin ya hau jikina, kanwa kuma ba za ta shiga kunu ba. Sauran abin da Ummukulsum ta karanta mata, ban janye ba, amma ba haka na so ta ji shi ba. Wannan ni zan faɗa mata.

Kada ka gaya mata awa nawa ne, kada ka ambaci hawan jini. In jirgi ya yi latti har Lahadi ta zo ban iso ba, ka aiki Hamma wani wuri tun asuba, ka zauna a zaure kada ka je kasuwa.

Ka zo Kano kai kaɗai. In mutane suka gama fitowa ba ka gan ni ba, kada ka kira gida. Ka kira Malam tukuna.

Tun jiya bai ce mini kada in tafi ba, bai kuma ce in tafi ba. Ya goge mini takalmin nan ɗaya da ya rage. Yanzu yana tsaye a tsakar gida da jakata a hannu ɗaya, fasfo a ɗayan, yana kallon Hamma na ɗaure akwati a babur. Mota ta iso, direban ya yi hon sau biyu.

Zan miƙa wa Hamma wannan in ja ƙofar. Sai Asabar.

Ƙanwarka,
Murja